Yadda ake zaɓa wa kare tabarau, a auna masa, a koya masa sawa

Idon kare bai wuce kamu ɗaya da 'yan kai daga ƙasa ba, daidai inda ƙura ta fi tashi, inda kuma ƙaya da ƙarangiya da kan ciyawa suke. Karen farauta da ke kutsawa cikin sarƙaƙiya, da karen da ake ɗauka a babur ko a bayan a-kori-kura, da karen gadi mai wuni a fili cikin hunturu, duk idonsu yana shan wahala, kuma sau da yawa mai su ba ya lura sai hakiya ta fito. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, kuma a wannan lokacin jan ido da kwantsa suke yawaita a karnuka.

Tabarau na karnuka ya daɗe a kasuwa. Wata mata mai suna Roni Di Lullo ce ta ƙirƙiro samfurin Doggles a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1997, daga baya karnukan sojan Amurka suka riƙa sa irinsa a Iraƙi da Afganistan saboda yashi da iskar jirgi mai saukar ungulu. Ba kowane kare ne yake bukatarsa ba. Wanda ke zaune a inuwa cikin gida a bar shi ya sha iska. Waɗanda suka fi bukata su ne masu aiki a daji da kan hanya, da masu ɗaɓasasshiyar fuska da ido a waje irin su Pug da Shih Tzu, da masu farar fata a gefen ido wadda rana ke ƙonawa, sai kuma Jaman Shefad, wanda mutanenmu ke kira karen 'yan sanda, saboda wata cutar ido da za a zo kanta.

Kayan da za ka tanada

Tef ɗin awo irin na tela. In babu, igiya marar miƙewa da rula. Tabarau ɗin kansa, zai fi kyau mai gilashi biyu da ake sauyawa, fari da mai duhu. Ruwan gishirin asibiti mai ƙarfin kashi 0.9 cikin ɗari, wato wanda ake yi wa marar lafiya ƙarin ruwa da shi, ana samunsa a kemis. Sirinji mai cin mililita 20, a cire allurar. Tsumma mai laushi, tsohuwar singileti ta auduga ta wadatar. Igiyar jan kare. Sai abin lada: dafaffiyar hanta ko tsokar nama da aka yayyanka ƙanana kamar ƙwayar wake, guda 30 zuwa 40 don zama ɗaya. Kada ka yi amfani da kilishi ko tsire, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, yaji kuma yana ɓata masa ciki.

Duk wannan aiki a fuskar kare ake yinsa, hannunka dab da haƙoransa. Tabbatar an yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare kuma ba ta wuce lokacinta ba. Karen da ba ya yarda a taɓa masa kai, fara da koya masa wannan tukuna, a jinkirta zancen tabarau.

1. Duba lafiyar idon kafin komai

Tabarau kariya ce ga lafiyayyen ido, ba ya warkar da mai ciwo. Kai karen wuri mai haske amma ba cikin rana ba, ka tallafo haɓarsa da hannu ɗaya, ka ɗan ja fatar ido ta ƙasa da babban yatsa. Farin idon ya kasance fari, saman baƙin idon yana sheƙi garau, idanu biyu a buɗe daidai wa daida. In ka ga yana kanne ido ɗaya, ko hawaye ba ya tsayawa, ko kwantsa ruwan ɗorawa ko koriya, ko wani hazo a kan baƙin idon, ko tantanin nan na kusurwar ido ta wajen hanci ya taso ya rufe rabin idon, ajiye tabarau ka nemi likitan dabbobi. Rufe irin wannan ido cikin ɗumi da laima yana ƙara masa ciwo, kuma yana ɓoye maka yadda abin ke ci gaba.

Likita yana ɗiga wani rini mai suna fulorasin a idon. In akwai gyambo a tantanin saman baƙin ido, wurin sai ya kama kore. Gwaji ne na minti biyu, kuma shi ke raba idon da ya yi ja kawai da wanda ke hanyar fashewa. Wani kuskure da ke makantar da karnuka shi ne sayen maganin ɗigawa na mutane a kemis ba tare da wannan gwaji ba. Duk maganin da ka ga an rubuta dexamethasone, betamethasone, prednisolone ko hydrocortisone a jikinsa yana hana gyambo warkewa, yana iya sa shi ya zurfafa har idon ya huje. Tozali, ruwan albasa da sukari ma ba su da wuri a idon kare.

Masu Jaman Shefad su lura da cutar da likitoci ke kira pannus. Tana farawa da wani jan tabo mai kama da tsoka a gefen baƙin ido ta wajen kunne, yawanci a idanu biyu, sannan ya riƙa yaɗuwa yana zama ruwan ƙasa har ya tare gani. Garkuwar jikin karen ce take yaƙar idon, hasken ultrabayolet na rana, wanda ido ba ya gani, kuma yana rura ta, shi ya sa ta fi tsanani a wurare masu tudu. Mai irin wannan kare a Jos ko a tsaunin Mambila ya ƙara sa ido. Ba ta warkewa gaba ɗaya, ana dai danne ta da maganin ɗigawa muddin rai, tabarau kuma yana rage hasken da ke tayar da ita. Tare suke tafiya, kada a bar maganin don an sami tabarau. In likitan garinku bai da kayan duba ido, akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri.

2. Zaɓen tabarau

Ƙira biyu ce a kasuwa. Akwai mai kofi biyu, kowane ido da nasa, irin na Doggles. Akwai kuma mai faffaɗan gilashi ɗaya da ya rufe idanu biyu, irin na Rex Specs. Ga kare mai gudu a daji na biyun ya fi, domin kare yana dogara ƙwarai da ganin gefe, bakin kofi kuwa yana tare masa shi. Mai kofi biyu ya fi araha, ya kuma wadatar ga ƙaramin kare ko wanda zama kawai zai yi a babur.

Gilashin ya zama na roba mai tauri da ake kira polikabonet, wadda ba ta tarwatsewa in dutse ya buge ta. Na kwalba kada ma ka taɓa shi. Nemi rubutun UV400, ma'anarsa yana tare hasken ultrabayolet mai cutarwa. Duhun gilashi dabam, tare wannan haske dabam: baƙin gilashi marar wannan kariya ya fi rashin tabarau illa, saboda duhun yana sa ɗan baƙin da ke tsakiyar ido ya buɗe, hasken ya shiga da yawa. Tun da rubutun jabu ya yi yawa, gwada da kanka. Sami ƙaramar tocilan ɗin nan mai shuɗin haske da ake gane jabun kuɗi da ita, ka haska takardar naira a ɗaki mai duhu har alamunta na ɓoye su fito, sannan ka sa gilashin tsakanin tocilan da takardar. In alamun sun ɓace ko sun dushe ƙwarai, gilashin yana aiki. In suna nan tar, mayar wa mai shi.

Juya tabarau ɗin ka duba cikinsa. Dole a sami ƙofofin iska a sama da ƙasa ko a gefe, an lulluɓe su da siririn soso mai tace ƙura. Soson da zai kwanta a fuska ya zama mai laushi, manne da kyau. Firam ɗin ya lanƙwasu in ka matsa shi da yatsu. Madauri biyu ne: ɗaya yana zagaya ƙeya, ɗaya yana bi ta ƙarƙashin haɓa. Wanda ba shi da na haɓa, girgiza kai ɗaya zai yar da shi.

3. Awo

Yi awon lokacin da karen ya natsu, bayan ya ci abinci ko ya dawo daga yawo. Na farko, zagayen kai: ɗora tef a goshi daidai saman idanu, ka bi da shi ta ƙarƙashin kunnuwa zuwa ƙeya ka dawo. Na biyu, daga gindin kunne ɗaya ka bi ta ƙarƙashin haɓa zuwa gindin ɗaya kunnen. Na uku, zagayen hanci a gindinsa, dab da idanu, baki a rufe. Tef ya kwanta a kan gashi ba tare da ya nutse ba. Maimaita kowane awo sau biyu ka rubuta da santimita. In takardar kamfanin da inci take, raba awonka da 2.54.

Kowane kamfani da nasa jadawalin, kuma matsakaicin wannan yana iya zama babban wancan, don haka bi awon kai, kada ka dogara da nauyin kare kaɗai. Karnukanmu na gida da irin Azawak na Nijar da Mali suna da siririn kai da dogon hanci, sau da yawa girman da ya dace da su bai kai wanda nauyinsu ya nuna ba. In awon ya faɗa tsakanin girma biyu, ɗauki babban: madauri yana tsukewa, amma ƙaramin firam zai danna gefen ido kuma babu gyara. Ɗan kwikwiyo kada a saya masa mai tsada, kansa bai gama girma ba sai ya kai shekara ɗaya ko fiye.

4. Koya masa sawa

A nan yawancin mutane suke ɓata aikin. Su ɗaure wa kare tabarau ran da aka kawo shi, a cikin ɗaki, da baƙin gilashi; karen ya ga duniya ta yi duhu ba shiri, ya sa ƙafa ya fizge, daga ranar kuma ko ganin abin ya yi sai ya gudu. Ware mako ɗaya zuwa biyu. Kowane zama kada ya wuce minti 3 zuwa 5, sau biyu ko uku a rana, kafin cin abinci lokacin da yake marmarin nama.

Kwana biyun farko, riƙe tabarau a hannu kawai. Ya shinshina, ka ce "yawwa" ka ba shi yanka ɗaya. Ɓoye shi a bayanka, ba nama. Fito da shi, nama. So ake ya gane cewa ganin abin nan alheri ne.

Daga nan cire gilashin, in mai cirewa ne, ya rage firam kaɗai. Riƙe firam ɗin da hannun hagu, ka miƙo nama ta bayansa da hannun dama yadda sai ya cusa fuskarsa ciki kafin ya kai ga naman. Shi zai kawo fuska, kai ba za ka kai masa firam ba. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin horon duka. In ya saba, jinkirta ladan: daƙiƙa 1, sannan 3, sannan 5, har 10 fuskarsa tana ciki.

Sai ɗaura madauri, sako-sako da farko. Ɗaura, ba shi yanka biyar a jere, kwance. Kai za ka riga shi cirewa kullum, tun kafin ya ɗaga ƙafa. In ya riga ka, to ka yi sauri ne, koma matakin baya na kwana ɗaya. Kada ka daka masa tsawa ko ka buge ƙafar; ja hankalinsa da nama ko ka fara tafiya da shi a igiya. Kare mai tafiya ba ya samun sukunin sosa fuska, shi ya sa da zarar an ɗaura ake so a motsa.

Ran da ya iya minti 2 zuwa 3 da firam yana yawo a tsakar gida, mayar da farin gilashi. Zai iya tsayawa cak ko ya riƙa ɗaga ƙafa sama-sama yana tafiya. Bar shi, yakan wuce cikin 'yan mintoci. Kauce wa matakala da bakin kwata a wannan rana. Mai duhun shi ne na ƙarshe, kuma a waje cikin rana ake fara sa shi, inda zai ji daɗin sauƙin da ya samu. Bayan haka riƙa haɗa tabarau da abin da ya fi so, wato fita. Karen farauta da ya gane cewa tabarau na nufin za a shiga daji, da kansa zai riƙa miƙo kai.

In gilashin ba mai cirewa ba ne, bi matakan nan duka amma a waje da rana, kuma ka ninka kwanakin.

5. Daidaita zama a fuska

Firam ya hau karan hanci ba tare da ya toshe numfashi ba, idanu kuma su kasance a tsakiyar gilashi. Duba ta gefe: gashin ido da dogayen gashin gira kada su taɓa gilashin, in suna taɓawa zai yi ta ƙifta ido yana hawaye. Ga masu ido a waje wannan ya fi muhimmanci, sai an sami mai zurfin kofi. Yatsa ɗaya ya shige ƙarƙashin kowane madauri ba da ƙyar ba. Madaurin ƙeya ya bi ta ƙarƙashin kunnuwa, kada ya danne su.

Madaurin haɓa yana bukatar kulawa ta musamman. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafin jiki, don haka dole bakinsa ya buɗe sosai harshe ya fito. Gwada shi bayan ya yi gudu: yana haki yadda ya saba? Yana iya shan ruwa? In a'a, sassauta. A bazarar Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda zafi ke haura digiri 40, tsukakken madauri yana iya kai kare ga halaka.

Bayan minti 10 na farko cire ka shafa fuskar. Kwanciyar gashi ba komai ba ce. Jan layi a fata ko wurin da ya goge alama ce ta matsi. Giɓin da ya fi kaurin yatsa a gefen hanci kuma yana nufin ƙura za ta shiga ta taru a ciki, wanda ya fi a bar idon a buɗe muni. Cike shi da siririn soso, ko a sauya girma.

6. A wurin aiki

Farin gilashi na ƙura ne, da sammako, da yamma, da cikin duhuwar itatuwa. Mai duhu na tsakar rana ne a fili. Duk minti 30 zuwa 45 tsaya a inuwa ka cire, ka duba ko tsakuwa ko kan ciyawa ya shiga, ka ba shi ruwa. Kada a bar kare da tabarau ba kowa a kusa, ko a ɗaure ko a keji ko da dare. Madauri yana iya sarƙewa da reshe ko waya. A babur kuwa tabarau ido kaɗai yake karewa, karen yana bukatar akwati ko ɗauri ta ƙirji, ba ta wuya ba.

In tururi yana rufe gilashin, duba ƙofofin iska, yawanci ƙura ce ta toshe soson. Wanke su. In bai daina ba, shafa ɗigo ɗaya na sabulun wankan jarirai na ruwa a cikin gilashin, ka ɗauraye sama-sama, ka bar shi ya bushe sarai kafin a sa.

7. Wanki da ajiya

Kada ka taɓa goge busasshiyar ƙura da tsumma ko bakin riga. Ƙurar hunturu tana kankare polikabonet, mako biyu na irin wannan goge sun isa su mayar da gilashi dishi-dishi. Zuba ruwa tukuna ya kwashe ƙurar, sannan sabulu kaɗan da yatsa, ɗauraye, ka tsane da tsumma mai laushi. Fetur, kananzir, sipirit da tina suna cinye robar. Shanya a inuwa, ajiye cikin jaka ko tsohuwar safa, nesa da inda karen zai samu ya tauna, kuma ba a gaban mota inda rana ke dukansa ba. Gilashin da ya kankaru har kai ma ba ka gani da kyau ta cikinsa, sauya shi. Karnuka biyu kada su yi tarayya a tabarau ɗaya sai an wanke.

8. In ba a sami na karnuka ba

Tabarau ɗin 'yan babur mai faffaɗan gilashi ɗaya da soso a baki, musamman ƙarami na yara, yana iya zama wa kare matsakaici ko babba. Kai wa baduku ko mai gyaran takalmi ya ɗinka masa madaurin haɓa da roba mai miƙewa mai faɗin santimita 1.5 zuwa 2, daga gefe zuwa gefe, da maɓallin da ake ƙara tsawo ko a rage. Wurin hanci yakan yi wa kare ƙunci, sai a faɗaɗa shi kaɗan da wuƙa mai kaifi, a goge bakin da sanfefa, a manna soso, a bar gam ɗin ya sha iska kwana biyu har warinsa ya fita. Na masu iyo bai dace ba ko kusa: ba shi da ƙofar iska, yana tsotse fata, yana danna ƙwayar ido. Na masu walda ya yi duhu da yawa, na ado na mutane kuma ba ya zama.

In duk wannan bai samu ba, rage abin da ke cutar da idon. Sauya lokacin fita zuwa sassafe ko bayan la'asar, hana shi leƙo da kai ta tagar mota, rufe gaban akwatin babur da gidan sauro, kuma duk dawowa daga daji wanke idon da ruwan gishirin asibiti: mililita 10 zuwa 20 kowane ido, a hankali daga kusurwar wajen kunne, bakin sirinji bai taɓa idon ba.

Karen da aka yi wa aikin ido ko mai gyambo, abin da yake bukata shi ne mazurarin roba da ake sa wa a wuya don hana sosawa. In babu, a yanke gindin ƙaramin bokitin roba, a naɗe bakin da tsumma, a huda ramuka a ɗaura shi jikin abin wuyansa, bakin bokitin ya ɗan zarce ƙarshen hanci.

Abu na ƙarshe ya shafi masu shiga daji. Kumurci yana fesa dafinsa daga nisan kusan mita 2, ido kuma yake nema. Tabarau yana tare mafi yawa, amma in ya sami karen, cire tabarau ɗin da leda a hannu, ka kwarara wa idon ruwa mai tsabta, kowane iri ne ke kusa, ba ƙaƙƙautawa na minti 15 zuwa 20, kana buɗe fatar idon da yatsu, kana kare naka idon daga fantsama. Hana shi sosawa, ka kai shi wurin likita a ranar ko da idon ya buɗe, domin gyambon dafi yakan bayyana ne bayan wasu sa'o'i. Tabarau ɗin kuma a wanke shi da ruwa da sabulu sau biyu, har soson, kafin ya sake hawa fuskarsa.